An ce aljanu ne, babansa ya ce sangarta ce

Assalamu alaikum Anti. Ni haifaffiyar Jidda ce, asalinmu Kano. 'Ya'yana 3, na tsakiyar ne ya hana ni barci. Shekararsa 7, yana aji ɗaya. Bai yi magana ba sai da ya kusa shekara 4, har yanzu kuma yawanci abin da aka faɗa masa yake maimaitawa. In na kunna injin markaɗe sai ya toshe kunnuwa ya zube ƙasa yana ihu. Ba ya yarda a sa masa tob, wato jallabiyar maza, mai kwala. Abincinsa farar shinkafa ne da burodin tamis da cuku, miyar kuka ko ganinta ya yi sai ya kama yunƙurin amai. Yakan wuni yana jera murafen robar ruwa, in aka taɓa ɗaya an shiga uku. Amma da ji kawai ya haddace daga Nasi har Sabbi.

A wata ɗaya sau 3 abla, wato malamarsa, tana kirana. Ta ce yana gudu daga taburin safe, wato layin da ɗalibai ke yi kafin shiga aji, rannan kuma ya ciji wani yaro. Mudira, shugabar makarantar, ta ce in kai shi asibiti a duba shi. Abin ya tsananta tun da muka sauya gida bayan rusau, shi ya sa surukata ta ce aljanun gidan ne suka shafe shi. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, babu sauyi. Babansa ya ce ni na sangarta shi, yanzu har da wayar caja yake dukansa. Na daina zuwa biki da suna. Da muka je Umara ya yi ta ihu a Harami, idon kowa a kanmu, na rasa inda zan sa kaina. Anti, ni ce na jawo masa? Yaya zan yi?

Uwa mai damuwa, Jidda

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Sannu da ɗawainiya, Allah Ya ba ki ladan reno.

Ba ke kika jawo masa ba. Na fara da wannan ne saboda na san ita ce tambayar da take cin ki idan kowa ya yi barci. Kuma ba a kanki farau ba. Tun 1943, lokacin da wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya fara bayanin irin wannan hali a jikin yara 11, aka yi shekaru ana ɗora laifin a kan iyaye mata, wai ba su ja 'ya'yansu a jiki ba. Mata da yawa sun tsufa da wannan baƙin ciki. Daga baya binciken da aka yi kan tagwaye a Ingila a 1977, da waɗanda suka biyo bayansa, ya nuna cewa gado ne ke da kaso mafi girma a ciki, wato yadda aka halicci ƙwaƙwalwar yaro tun yana ciki. Sangarta ba ta sa yaro jin zafin ƙara.

Abubuwan da kika lissafa sun yi kama sosai da abin da ake kira tawahhud a nan Saudiyya, wato autism a Turance. A gida Najeriya wasu suna cewa galahanga, ko da yake kalmar takan haɗa larurori daban-daban da ba su da alaƙa da juna, don haka a asibiti ki riƙe ta Larabcin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da shi, kuma an fi gano shi a maza. Tabbatarwa aikin likita ne, zan zo kan wannan. Sai dai akwai abubuwan da ba sai kin jira takardar likita ba.

Ina so ki shiga jikin yaronki na minti ɗaya, ki tsaya a filin makaranta da sanyin safiya. Yara ɗaruruwa, kowa yana magana. Lasifika tana ƙuwwa, wani lokacin ta yi wannan ƙarar mai tsinin da ko babba sai ya yamutsa fuska. Na baya yana tura ki, na gefe yana warin turare. Wuyan tob yana goga miki fata kamar ƙaiƙayi. Mu ƙwaƙwalwarmu tana tace mana waɗannan abubuwa, ta rage sautin wanda ba mu bukata, mu ji malama kawai. Tasa ba ta tacewa haka. Komai yana shigowa a lokaci guda, da ƙarfi ɗaya. Kuma ba shi da bakin da zai ce, "Abla, kunnena yana ciwo." To me ya rage masa? Gudu. In an tare shi, cizo. Ni a wajena gudun da yake yi daga taburi hankali ne, domin wanda wuta ta taɓa janye hannu yake yi.

Na ga wannan a gidanmu. Ɗan yayata a Makka yana da irin halin, kuma mun yi wata da watanni kullum bayan la'asar sai ya tayar da rigima a falo, ya yi ta buga goshi da kujera. Mun zargi yunwa, mun zargi barci, mun zargi baki. Wata rana mukayyif ɗin taga, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya lalace, aka kashe shi kwana biyu muna fama da zafi, sai ga yaro zaune lafiya yana wasansa. Ashe wani siririn gurnani da injin yake yi ne, wanda mu ba ma ma jin sa. Da aka sauya masa wurin zama zuwa ɗakin ciki, rigimar la'asar ta ƙare. Har yau in na tuna yadda muka riƙa yi masa tsawa a kan ciwon da yake ji shi kaɗai, raina yakan ɓaci.

Don haka aikinki na farko littafi ne da biro. Na mako biyu, duk lokacin da ya birkice ki rubuta ƙarfe nawa ne, a ina, me ya faru daf da hakan, wa ke wurin, me aka kunna, ya ci abinci ko bai ci ba, yaya barcinsa na jiya. Za ki sha mamakin yadda abin da ake cewa "haka kawai yake tashi" zai fito da ƙafafunsa. Wannan littafin kuma shi za ki kai wa likita, ya fi duk bayanin baki.

Ki kuma koyi bambanta rigima iri biyu. Akwai ta yaron da yake son alewa, yana kuka yana satar kallonki, da kin ba shi ya yi shiru. Wannan kowane yaro yana yi, kuma naki ma zai yi, a nan tarbiyya tana nan daram. Akwai kuma wadda tura ta kai bango, jiki ya cika ya tumbatsa. Ita wannan ko duniya za ki ba shi ba zai karɓa ba, ba ya ma ganinki. A irin wannan lokaci wa'azi da tsawa ƙarin itace ne a wuta. Ki kashe abin da ke ƙara, ki rage haske, ki sallami 'yan kallo, ki kawar da abin da zai ji masa ciwo, ki zauna kusa ba tare da surutu ba. Wasu yaran suna son a rungume su tsam-tsam, wasu ko yatsa ba sa so a ɗora musu. Ke za ki gane nasa. Magana sai bayan ya dawo hayyacinsa.

Yanzu batun da ya fi tsaya mini a rai, dukan nan. Dole a daina shi, kuma yau, ba gobe ba. Wayar caja ba ta koya masa komai sai cewa bayan ciwon kunne akwai ciwon baya, kuma mutumin da ya kamata ya fake a bayansa shi ne abin tsoro. Yaron da ake duka saboda abin da ba ya iya hanawa, cizonsa ƙaruwa yake yi.

Ban ce maigidanki mugu ba ne. Na san irin mazanmu. Yana ganin 'ya'yan abokansa suna bin su masallaci suna gaida mutane, nasa yana birgima a ƙasa, kunya da tsoro suka haɗu suka zama fushi. Cewa "sangarta ce" ya fi masa sauƙi, domin sangarta tana da magani a hannunsa. Kada ki tare shi da maganar a tsakiyar rigima ko a gaban Hajiya surukarki. Ki bari ya ci ya huta, ki ce, "Baban su, makaranta ta nemi takardar likita, kuma ba zan iya zuwa ni kaɗai ba." Maza da yawa abin da ba su karɓa daga bakin mace ba sukan karɓa daga bakin likita. Ki tuna masa Anas ɗan Malik, wanda ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara 10 tun yana yaro, ya ce ko "uf" bai taɓa ce masa ba. Ki tuna masa cewa Annabi yakan gajarta salla in ya ji kukan yaro saboda tausayin uwarsa. Sannan ki ba shi aiki da yaron, domin uban da ba shi da rawar takawa shi ne ke komawa alƙali. Tunda yaron yana da kunnen hadda, babansa ya riƙa biya masa sura bayan magariba, minti 10 kacal, su biyu a ɗaki shiru. In duk da haka dukan bai tsaya ba, ki shigo da wanda yake jin nauyinsa, wansa ko malaminsa. Wannan ba tona asirin gida ba ne, kare yaron da ba zai iya kai ƙara ba ne.

Hajiya kuma kada ki yi jayayya da ita kan aljanu, ba za ki ci riba ba. Ta lura da gaskiya guda: abin ya ƙaru da kuka sauya gida. Dalilin shi ne yara irinsa da sabo suke rayuwa. Ya san ƙofarsa, ya san hanyar baƙala, wato kantin unguwa, ya san inda rana ke faɗowa a ɗaki, dare ɗaya duk aka ɗauke. Ko mu manya da rusau ya raba da unguwanninmu mun ji a jikinmu, balle shi. Addu'a da karatun Alƙur'ani alheri ne, a ci gaba. Abin da za ki hana shi ne a danne shi, a yi masa ihu a kunne, ko a turnuƙe shi da hayaƙi, domin waɗannan su ne ainihin abubuwan da ke azabtar da shi. Ki roƙi Hajiya ta riƙa tofa masa Falaƙi da Nasi da Ayatul Kursiyyu a hankali lokacin kwanciya. Ta samu gurbinta, shi ya samu natsuwa.

A cikin gida, gyare-gyaren ba su da tsada. Ki ware masa lungu guda, ko bayan kujera ne, da bargo da filo da murafensa, ya zama wurin da in ya shiga ba mai taɓa shi, har 'yan uwansa. Ki saya masa abin toshe kunne irin na masu aikin gini, mai kama da na jin waƙa, akwai na yara. Kafin ki kunna injin markaɗe ki nuna masa, ki ce "ƙara za ta zo", ki ƙirga uku, ko ki bari shi ya danna da kansa, domin ƙarar da yaro ya san da zuwanta rabin ciwo ce. Turaren wuta a yi shi lokacin da yake makaranta. Ki yanke 'yar takardar da ke bayan wuyan riga, ki sa masa farar shimi mai laushi a ciki, tela ya sassauta wuyan tob ɗin. Murafen nan kuma a bar masa kayansa. In yana kaɗa hannu ko yana jijjiga jiki kada a hana shi, da haka yake sauke nauyi, kamar yadda wani ke jan carbi in ransa ya dagule. Abin da ake tarewa shi ne wanda zai ji masa ciwo. Wasunsu suna samun sauƙi da aikin ƙarfi: ɗaukar jarkar ruwa daga ƙofa zuwa kicin, tura kwandon wanki, lilo, tsalle a kan katifa. Ki ba shi irin wannan da ya dawo makaranta, kafin a ce masa ya buɗe jaka.

Abinci kada ya zama filin yaƙi. Yauƙin kuka da kuɓewa ga yaron da bakinsa ke jin komai ninki biyu abu ne mai wuya. Ki ajiye ɗan mitsitsin sabon abu a gefen farantinsa, ba a kan shinkafar ba, ba tilas. Yau ya kalla, jibi ya taɓa, wata rana ya lasa. Yakan ɗauki gwaji fiye da 10 kafin a ga haske. Ki gaya wa likita irin cimarsa don a duba jininsa.

Magana kuma ki gajarta. Maimakon "tashi maza ka je ka wanke hannunka ka zo ka ci abinci kafin ya huce", ki ce "wanke hannu", ki yi shiru ki ƙirga goma a ranki. Ƙwaƙwalwarsa tana bukatar lokaci, in kin maimaita da sauri kin mayar da shi farko. Ki ɗauki hoton buroshinsa, tob ɗinsa, motar makaranta, farantinsa, gadonsa, ki wanke su ki jera a bango bisa tsarin wuni. Maimaita maganar mutane da yake yi kuma ba shirme ba ne, hanyarsa ce ta koyon harshe, a kanta masu gyaran magana suke gini.

Akwai shawarar da na tabbata za a ba ki, kuma ina roƙon ki kada ki karɓa: wai ki daina yi masa Hausa, ki tsaya kan Larabci don kada ya rikice. Binciken da aka yi kan yara masu tawahhud da ke tashi da harshe biyu bai nuna cewa hakan yana ƙara musu jinkirin magana ba. Hausa ce harshen da kike rarrashi da shi, da ita kakarsa take yi masa wasa, da ita ake dariya a gidanku. In aka cire shi daga cikinta, an ƙara masa kaɗaici a kan wanda yake ciki. Larabci yana samu a makaranta da titi. Abin da zai taimaka shi ne ki gaya wa mai koya masa magana kalmomin da yake amfani da su a gida, don in ya ce "ruwa" ta san moya yake nema.

Mu koma makaranta. Kiran da mudira ta yi kada ki ɗauke shi kora, ki je a matsayin wadda ta fi kowa sanin yaron. Ki rubuta takarda shafi ɗaya da Larabci: abin da ke tayar masa da hankali, alamar da yake nunawa kafin ya birkice, abin da ke kwantar da shi, da abin da ya ƙware a kai. Haddar nan ki sa ta a sama. Malamar da ta san ɗalibinta da baiwa daban take kallonsa. Sai ki nemi abubuwa ƙanana da ba sa cin ko riyal ɗaya: a ɗauke masa taburi, ko ya tsaya can ƙarshen layi nesa da lasifika da abin kunnensa. Ya shiga aji kafin turmutsutsu. A zaunar da shi gaba, nesa da ƙofa da mukayyif. A ba shi kati da zai ɗaga in ya ji ya cika, ya fita minti 5 ya dawo. A sanar da shi tun da wuri in za a sauya malama ko darasi. Lokacin fusha, wato hutun tara, wanda shi ne mafi hayaniya, a samar masa wuri mai shiru. Kan cizon kuma ki ba iyayen wancan yaro haƙuri da zuciya ɗaya, sannan ki tambayi abla me ya faru minti biyu kafin cizon. A nan amsar take.

In takardar likita ta fito, ki tambayi makaranta kai tsaye game da khuɗɗa fardiyya, wato tsarin karatu na yaro shi kaɗai, da gurfatul masadir, ɗakin da ake ba irinsu ƙarin darasi. Ma'aikatar ilimi tana da shirin da ake kira damj, na haɗa yara masu bukata ta musamman da sauran ɗalibai a wasu makarantu, ki tambaya ko taku tana ciki ko wace ce mafi kusa. Wasu makarantun kuɗi sukan nemi a ɗauko malamar da za ta zauna gefen yaro, mu'allimatuz zill. Tana da amfani ga wasu, amma da tsada, kada ki yarda da ita kafin a gwada gyare-gyaren da na faɗa.

Hanyar asibiti ta fara daga likitan yara, shi zai tura ku wajen masanin girma da halayyar yara ko likitan ƙwaƙwalwar yara. Ki nemi a gwada jinsa. Layin ma'aikatar lafiya, 937, yana ba da bayani dare da rana. Sunaye biyu za ki riƙe: takhaɗub, gyaran magana, da ilaj wazifi, masu lura da yadda jiki ke karɓar ƙara da taɓi da motsi. A nan Jidda akwai Markaz Jidda lit-Tawahhud da ƙungiyar mata ta Faisaliyya ta kafa tun 1993. Na san abin da ɗan ƙasa ke samu ba lallai mai iƙama ya samu ba, kuma kuɗin zama da ƙwararru ba wasa ba ne. In maigida yana aiki a kamfani, ku duba inshorarsa, domin tawahhud yana cikin abin da tsarin inshorar dole yake biya har zuwa wani iyaka. In kuɗin zama ɗaya a wata kawai kuke da shi, ki shiga ɗakin tare da shi, ki kalli hannun malamar, ki dawo ki yi a gida. In kin taɓa ganin ya ƙame yana kallon wuri ɗaya ba ya amsawa, ko jikinsa yana fizga, ki gaya wa likita da wuri, farfaɗiya ta fi yawa a cikinsu fiye da sauran yara.

Za a kawo miki tallar nonon raƙumi, da ƙaho, da ɗakin iskar oksijin, da kwalaben da ake sayarwa a WhatsApp. Babu ɗayansu da aka tabbatar yana warkar da tawahhud, ki riƙe kuɗinki. Za a kuma ce miki allurar rigakafi ce. Rahoton da ya haifar da wannan jita-jita a 1998 mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010, aka kuma soke lasisin likitan. Ki ci gaba da yi wa ƙaninsa rigakafi.

Abu ɗaya na tsaro: yaran nan sukan fice ba sallama, kuma ruwa yana jan su. Ki sa sakata a sama inda hannunsa ba ya kai, ki ɗaura masa lambar wayarku a hannu in za ku fita, a Kornish, bakin teku, kuma kada ki saki hannunsa.

Harami kuwa gidan Ubangijinsa ne shi ma, zai koma in sha Allahu. Ba a Ramadan ba, ba ranar Juma'a ba. Ku je da hantsi a tsakiyar mako, da abin kunnensa, ku hau bene inda babu matsi, ya hango Ka'aba, ku yi minti 20 ku fito tun yana cikin daɗin rai. Biki da suna ma haka, ki je ki yi rabin awa ki dawo, ko babansa ya riƙe shi ki je ki ga 'yan uwa ki yi dariya. In wata ta tambaya, ki ce mata, "Ƙara ce take damunsa, haka Allah Ya yi shi." Za ki ga wadda za ta ja ki gefe ta ce ita ma nata haka yake. Ki karɓi lambarta.

Ki fara littafin nan daren yau. Bayan mako biyu ki sake rubuto mini abin da kika gani, musamman ranakun da bai yi rigima ba, ina so in san me ya bambanta su.